Gasar softbol ta ƴan matan jami'o'in Amurka ta shekarar 2021

Daga ranar 3 zuwa 10 ga watan Yuni 2021 aka yi zagayen ƙarshe na gasar softbol ta ƴan matan manyan jami'o'in Amurka a birnin Oklahoma Siti. Ƙungiyar wasannin jami'o'i ta NCAA ce ke shirya ta kowace shekara, sai dai a 2020 annobar korona ta hana. Jami'ar Oklahoma ce ta ɗauki kofin, amma har yau in aka tada zancen gasar, sunan wata jami'a da ba ta kai wasan ƙarshe ba ake fara ambata, sannan tsarin kwanakin wasa da ya jawo surutu.

Softbol ƙanwar besbol ce. Kowace ekip na da ƴan wasa 9 a fili. Mai jifa tana wurgo ƙwallo ta ƙarƙashin hannu daga nisan mita 13, mai bugu ta doke ta da sanda ta sheƙa da gudu. In ta zagaye tashoshi huɗu ta dawo inda ta taso, maki ɗaya ke nan. Turmi 7 ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara. Jami'o'i 64 ke shiga gasar, a tankaɗe a rairaye har a bar 8, kuma a wannan mataki sai an ka da ekip sau biyu kafin ta koma gida.

Oklahoma ta zo a matsayin ta ɗaya a ƙasa, ga shi filin wasan bai fi kilomita 40 da jami'arta da ke garin Norman ba. A wasan farko aka haɗa ta da James Madison, jami'ar jihar Birjiniya da ba ta cikin 16 da aka fifita, ba ta kuma taɓa zuwa wannan mataki ba. James Madison ta ci 4 da 3 a turmi na 8. Mai jifarta, Odicci Alexander, baƙar fata da ta tashi hannun kakanninta a wani ɗan ƙaramin gari na Birjiniya, ita ta riƙe wasan tun daga farko har ƙarshe. Washegari suka ka da Oklahoma State 2 da 1, bayan da Alexander ta yi tsalle ta faɗi ƙasa ta taɓa wadda ke shirin rama makin. Oklahoma ta dawo ta bayan fage ta ci su sau biyu, 6 da 3 sannan 7 da 1. Lokacin da aka fitar da Alexander daga fili tana hawaye, ƴan kallo, har da magoya bayan Oklahoma, sun miƙe tsaye suna tafa mata. Ta yi jifa fiye da 1000 a tsawon gasar.

A ranar 4 ga Yuni kuma Montana Fouts ta jami'ar Alabama, ranar da ta cika shekara 21, ta hana ko da ƴar wasa ɗaya ta UCLA isa tashar farko. Duk 21 da suka zo gabanta an fitar da su.

Wasan ƙarshe karawa uku ne, wadda ta ci biyu ta ɗauki kofi. Florida State, wadda ita ma an ka da ta a wasanta na farko, ta fara cin Oklahoma 8 da 4. Oklahoma ta rama 6 da 2, ta rufe da 5 da 1. Kofi na biyar ke nan ga jami'ar da mai horaswa Patty Gasso, bayan na 2000, 2013, 2016 da 2017. An zaɓi mai jifa Giselle Juarez gwanar gasar. Oklahoma ta gama shekarar da cin wasa 56, an ci ta 4.

Abin da ya ɓata ran masu horaswa shi ne tsarin kwanaki. Mako ɗaya kacal aka ware wa matan, alhali gasar besbol ta maza a Omaha tana ɗaukar kusan mako biyu, da ranakun hutu a tsakani. Ekip ɗin da aka ka da sau ɗaya sai ta yi wasa biyu a yini guda. Da ruwan sama ya kawo tsaiko ranar Asabar 5 ga wata, wasan Florida State da Oklahoma State bai ƙare ba sai bayan ƙarfe 2 na dare, kuma a ranar Lahadin suka sake shiga fili da Alabama. Wasan da ya raba gardama kuwa da rana tsaka aka yi shi ranar Alhamis, mutane na wurin aiki.

Ba za a ce rashin masu kallo ne dalili ba. A talabijin ta ESPN, kowane wasa ya samu mutum wajen miliyon 1,2, fiye da na maza a wannan shekara, wanda bai kai miliyon ɗaya ba. Ƙorafin ya kuma zo a kan gaɓa: watanni uku kafin nan an soki NCAA a kan bambancin kayan motsa jiki da ta ba mata da maza a gasar ƙwallon kwando, a ƙasar da tun 1972 doka ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya. Daga gasar 2022 aka mai da kwanakin zuwa 9.