Abin da Takardar Lafiyar Mota Ba Ta Gani: Nazari kan Tsofaffin Motoci Masu Ƙofa Biyu Ƙirar Tsere a Gadarif

Tsakure

Maƙalar nan ta duba gwargwadon dogaron da za a iya yi da binciken lafiyar mota da hukuma ke yi kafin sabunta lasisi, ta ɗauki tsohuwar mota mai ƙofa biyu ƙirar tsere, irin Hyundai Coupe da Toyota Celica, a matsayin abin gwaji a garin Gadarif na gabashin Sudan. An gwama nazarce-nazarcen da aka wallafa a Norwe da Amurka da ma'aunan bincike na Turai da yanayin ƙasa da zafi da kasuwar kayan gyara na yankin. Abin da ya fito shi ne, binciken yana kama lalacewar da ke bayyana mota tana tsaye, amma mafi yawan cututtukan da Gadarif ke sa wa irin wannan mota sai ta yi zafi ko ta ratsa damina suke nuna kansu.

Gabatarwa

Gadarif garin noma ne. Tun tsakiyar shekarun 1940 da aka fara noman damina da injuna a Gadambaliya, dawa da riɗi ne ke juya dukiyar yankin, kuma motocin da suka mallaki titunansa su ne waɗanda noma ke bukata: lori, tarakta, da a-kori-kura ƙirar Hilux da mutanen Sudan ke kira boksi. Cikin gari kuwa rakasha da ƙananan motocin Atos da Amjad ne ke jigilar jama'a. Hausawan garin, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin wannan hada-hada ta gona da kasuwa.

Mota mai ƙofa biyu baƙuwa ce a irin wannan wuri, kuma dalilin zaɓenta ke nan. Gindinta kusa yake da ƙasa, tayoyinta masu siririn gefe ne, an ƙera ta don gudu, sannan ta tsufa: Toyota ta daina ƙera Celica a 2006, Hyundai ta rufe babin Coupe a 2008. Duk wani giɓi da ke cikin tsarin bincike zai fi fitowa fili a jikinta fiye da a jikin boksi.

A Sudan, 'yan sandan hanya, wato murur, ne ke kula da lasisin mota a ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta 2010, kuma binciken jikin mota na cikin sharuɗɗan sabunta shi. Tambayar maƙalar ita ce: idan mota ta tsallake wannan bincike, me takardar ta tabbatar?

Abin da nazarce-nazarce suka nuna

Gwaji mafi ƙarfi a wannan fage shi ne wanda Stein Fosser ya wallafa a 1992. An raba motoci 204,000 a Norwe kashi uku ta hanyar ƙuri'a: wasu ana bincikarsu kowace shekara, wasu sau ɗaya cikin shekara uku, wasu ba a bincike su ba sam. Ba a sami bambanci a yawan haɗari tsakanin kasun uku ba. A 2007 Christensen da Elvik suka sake duba lamarin a ƙasar, suka ga cewa bincike yana rage yawan lalacewar da ke jikin motoci, amma raguwar ba ta bayyana a alƙaluman haɗari ba. A Amurka, rahoton hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA na 2015 ya ɗora musabbabi na ƙarshe kan direba a kashi 94 cikin 100 na haɗurran da aka nazarta, ya ɗora kan mota a kashi 2 kawai. A cikin wannan kashi 2, taya ta ɗauki kashi 35 cikin 100, birki kashi 22.

Kuskure ne a kwaso waɗannan alƙaluma a ce bincike aikin banza ne a Gadarif. Norwe ƙasa ce da ake tare motoci a hanya a duba su ba zato, masu motocinta kuma suna da kuɗin gyara da kayan gyara na asali, don haka motar da ba a kira ta wurin bincike ba ma ba a sake take ba. Abin da ya dace a ɗauka daga rahoton Amurka shi ne jerin: taya, sannan birki. Waɗannan biyu su ne kuma zafi ya fi ci.

Akwai wani tarko ga mai sayen tsohuwar mota da ke duba teburan da hukumar TÜV ta Jamus ke fitarwa kowace shekara. A can ana fara binciken mota bayan shekara uku, daga nan kowace shekara biyu, kuma motar tsere Porsche 911 ta sha zuwa kan gaba a rukunin tsofaffi. Teburin bai ce ƙarfenta ya fi na kowa ba. Masu irin wannan mota ba sa cika tafiya da ita, suna ajiye ta a rumfa, kuma da yawa sukan kai ta gareji kafin ranar bincike. Teburin yana auna mai mota kusan yadda yake auna mota. Ƙari a kan haka, babbar cutar tsohuwar mota a Turai ita ce tsatsa daga gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Gadarif ba ta san wannan ba, sai dai motar ta zo da tsatsarta daga waje.

Birki da taya a zafin bazara

Na'urar gwajin birki tana juya tayoyi a kan nadi biyu a hankali, mai bincike ya taka, allo ya nuna ƙarfin kamun kowace taya. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2014 ta ɗauki lamarin a matsayin babbar lalacewa idan kamun taya ɗaya bai kai kashi 70 cikin 100 na 'yar'uwarta ta ɗaya gefen ba. Wannan gwaji ne mai kyau, kuma idan na'urar na da saiti, masu bincike biyu za su sami amsa ɗaya. Sai dai birkin a sanyaye yake lokacin da ake gwada shi. Kamar a duba doki ne yana ɗaure a turke: za a ga kofato da haƙori, ba za a ji numfashinsa bayan sukuwa ba.

Man birki yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon mai ajin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa na iya saukowa zuwa 140. Ajin DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. A Gadarif, damina daga Yuni zuwa Oktoba tana ba man danshin da zai sha, sannan Afrilu ya zo da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa. Motar da ke gudu a babbar hanyar da ta taso daga Wad Madani ta bi ta Gadarif zuwa Kasala, tana taka birki a kai a kai a bayan manyan motocin da ke zuwa Bur Sudan, tana iya tafasa tsohon mai. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, direba ya taka feda ta tafi ƙasa ba kamu. Bayan rabin sa'a man ya huce, birki ya dawo garau, kuma gobe motar za ta tsallake na'urar ba tare da wata alama ba. Abin gwada danshin man birki ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu, kuma a ganina rashinsa a teburin mai bincike ya fi rashin kowace babbar na'ura illa.

Haka lamarin taya. Abin da aka saba aunawa shi ne zurfin zane, wanda a Turai bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. Mota mai ƙofa biyu ba ta cika tafiya mai nisa ba, don haka zanen tayarta kan yi kyau shekara da shekaru alhali robar ta bushe ta tsattsage a gefe. Shekarun taya a rubuce suke a jikinta: lamba huɗu na ƙarshen hatimin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 2314 an yi ta ne a mako na 23 na 2014, ko da mai shago ya goge ta tana ƙyalli. Girman tayar irin waɗannan motoci ba shi ne ke yawo a kasuwar garin boksi ba, shi ya sa mai ita kan karɓi abin da ya samu, kwance ko tsohon ajiya.

Laka da ƙarƙashin mota

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai kumbura da ruwa, ta tsage in ta bushe. Ita ce arzikin manomi, ita ce kuma ke kashe ƙarƙashin mota. Tsakanin gindin mota ƙirar tsere da ƙasa bai cika kai santimita 15 ba, alhali na Hilux ya haura 20, don haka a titin unguwa da tarakta ta huda da damina, kaskon baƙin mai da salansa ne ke fara dukan ƙasa.

Abin da ya fi cancantar a duba da kyau shi ne rigar roba mai kama da mazurari da ke rufe gaɓar shaf a bayan tayar gaba. Zafi ya busar da ita, laka ta manne ta bushe a cikin lanƙwasarta, sai ta tsage tsaga ɗaya da ba ta fi tsawon farce ba. Giris ya fita, ƙasa ta shiga. Makonni kaɗan bayan haka direba zai fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ya karya sitiyari. Bakanike ya san wannan ƙara tun daga bakin gareji. Mai bincike kuwa ba zai ga tsagar ba sai an wanke ƙarƙashin motar, an ɗaga ta, an karya tayar har ƙarshe. A nan ne masu bincike biyu za su saɓa, domin hukuncin ya koma ga ido da haƙuri, kamar yadda yake a bushin da boljoyin da shakazoba.

Cutar inji da takarda ba ta tambaya

Injin Beta mai lita 2.0 na Hyundai Coupe da bel yake juya taimin, kuma in bel ɗin ya tsinke fistin kan daki bawul, inji ya tashi aiki. Littafin motar a Amurka ya sa a canza shi a mil 60,000, kusan kilomita 96,000, amma roba tana tsufa ko mota na ajiye. Sa'ar mai wannan mota ita ce injin ɗaya ne da na Elantra, kuma Hyundai ta yaɗu a Sudan tun da masana'antar Giad ta fara haɗa motocinta, saboda haka kayanta ba su da wuyar samu kamar na sauran. Celica ta ƙarshe, ta 1999 zuwa 2006, sarƙa gare ta maimakon bel, sai dai injinta 1ZZ na shekarun farko ya yi suna wajen shan baƙin mai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin aikin mai bincike, kuma daidai ne: takardarsa don kare sauran masu bin hanya aka yi ta. Matsalar ita ce a kasuwa ana miƙa ta ga mai saye kamar shaidar lafiyar inji.

Tarihin motar ma ya yi wuyar bi. Tun kafin takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 garejin Sudan suka saba da dabara da kwance, har masanin halayyar al'umma Kurt Beck ya yi rubutu kan yadda maƙeran ƙasar suka sake ƙera lorin Bedford ya zama Sifinja, motar da ta yi nisa da ma'aunin kamfaninta. Ga kuma motocin fasa-ƙwauri daga Libiya da ake kira Boko, waɗanda suka shigo ba takardu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafi: an wawashe motoci masu yawa a Khartum, kuma faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 ta koro dubban mutane zuwa Gadarif, wasu da motocin birni da ba a taɓa nufin su taka laka ba. A irin wannan hali, duba lambar shasi da ta inji kan cinye lokacin da ya kamata a ba ƙarƙashin mota.

Lokacin bincike

Ranar bincike tana bin ranar ƙarewar lasisi, ba ta bin yanayi. Motar da aka duba a Mayu za ta shiga damina da sabuwar takarda, ta fito a Oktoba da rigar shaf a yage da man birki mai ruwa, ta yi wata bakwai a haka, ciki har da lokacin kakar riɗi da dawa da hanya ta fi cika da lori. Motar da aka duba a Nuwamba kuwa an kama ta daidai lokacin da ɓarnar ke sabuwa. Don haka shawarar maƙalar ita ce a karkatar da binciken motocin da suka haura shekara 15 zuwa Nuwamba da Disamba, a sa wanke ƙarƙashin mota ya zama sharaɗin shiga layi, a kuma ƙara wa fom ɗin gurbi biyu: danshin man birki, da lamba huɗun da ke gefen kowace taya.