Tufafin Jiya da Rawar Yau: Darasin Taron Rawar Karkarar Ingila ga Hausawan Simsim da Gadarif

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da al'umma ke bi domin riƙe tarihinta akwai wadda ba ta buƙatar allo ko alƙalami, wato mutum ya sa irin tufafin da kakanninsa suka sa, ya taka rawar da suka taka, har jikinsa ya ɗanɗani wani abu na zamanin da idonsa bai gani ba. Mutanen Ingila sun mai da wannan hanya tsayayyiyar al'ada, domin sukan shirya taron dare wanda kowane mahalarci ke zuwa cikin shigar mutanen da suka rayu shekaru 200 da suka wuce, a kwana ana taka abin da suke kira rawar karkara. Wannan maƙala tana son tabbatar da cewa irin wannan taro yana samun ƙima ne idan ya cika sharuɗɗa uku: a adana rawar ta yadda na baya za su iya koyonta, mahalarta su zama su ne masu takawa, sannan a faɗi gaskiya game da abin da aka zaɓo daga tarihi da abin da aka bari. Za a auna sharuɗɗan da rawar Koroso ta Kano, sannan a dubi halin Hausawan yankin Simsim na jihar Gadarif a gabashin Sudan, waɗanda batun ya fi shafa saboda nisansu da ƙasar kakanninsu.

Rawar karkarar Ingila da yadda aka farfaɗo da ita

Rawar karkarar Ingila rawa ce ta jama'a, wadda a mafi shaharar siffarta maza ke jeruwa a sahu ɗaya mata kuma a sahu ɗaya suna fuskantar juna, kowane namiji da abokiyar rawarsa, sai su riƙa sauya wuri bisa tsari sananne har waɗanda ke kan sahu su gangara ƙarshensa, kowa ya gamu da kowa. A shekarar 1651 wani mai buga littattafai a Landan, John Playford, ya wallafa littafin The English Dancing Master, wanda ya ƙunshi raye-raye 105, kowace da karin kiɗanta da taƙaitaccen bayanin takunta, aka kuma ci gaba da sake buga shi tare da ƙari har cikin ƙarni na 18. Da zamani ya juya, sababbin raye-rayen Turai suka ture wannan rawa daga zaurukan manya a ƙarni na 19, sai littafin ya zama shi ne ma'ajiyarta.

A farkon ƙarni na 20 wani mai suna Cecil Sharp ya koma ga wannan ma'ajiya, ya fara fitar da littattafansa na rawar karkara daga 1909, ya kuma kafa ƙungiyar raya rawar gargajiyar Ingila a 1911. Da yake bayanin Playford gajere ne, an kuma rubuta shi domin mutanen da suka riga suka san rawar, dole ta sa Sharp ya cike giɓi da fahimtarsa, saboda haka wani ɓangare na abin da ake takawa a yau fassararsa ce. Tarurrukan shigar dauri na wannan zamani sun fi jingina da shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin marubuciya Jane Austen, wadda ake yi wa bikin tunawa kowace shekara a birnin Bath tun daga 2001. A wajen taron akwai mai kira, wato wanda ke faɗin taku na gaba da babbar murya, domin baƙon da bai taɓa rawar ba ya iya shiga sahu a daren farko.

Sharaɗi na uku ne wannan al'ada ta fi rauni a kansa. Rawar da ta fi fice a fim ɗin Pride and Prejudice da BBC ta yi a 1995 an fara buga ta ne tun 1695, wato ta girmi littafin Austen na 1813, wanda aka ɗauko fim ɗin daga gare shi, da shekaru fiye da 100, amma masu kallo da yawa sun ɗauke ta rawar zamanin marubuciyar. Haka kuma kusan kowane mahalarci yakan zo ne cikin shigar masu dukiya, alhali yawancin mutanen wancan zamani barori ne da manoma da ma'aikata, kuma wani kaso na dukiyar da ta ƙawata zaurukan ya fito ne daga gonakin rake da bayi ke nomawa, tun da Birtaniya ba ta zartar da dokar soke bauta a yankunan mulkinta ba sai 1833. Masana tarihi Eric Hobsbawm da Terence Ranger, a littafin da suka shirya a 1983, sun kira irin wannan abu ƙagaggiyar al'ada, ma'ana sabon abu da aka yi wa rigar tsufa domin biyan buƙatar masu rai.

Koroso: gargajiyar da aka tsara domin 'yan kallo

Ƙasar Hausa tana da nata misali a rawar Koroso, wadda aka tsara a Kano a farkon shekarun 1970, zamanin mulkin Audu Baƙo, lokacin da sababbin jihohin Nijeriya ke neman abin da za su nuna a bukukuwan al'adu na ƙasa. An tsinto taku daga raye-rayen Hausawa da na Fulani aka haɗa, samari da 'yan mata suna takawa bibbiyu cikin tufafi iri ɗaya, da sarewa da ganguna, da kuma abin ɗaurawa a ƙafa mai ƙara wanda rawar ta samo sunanta daga gare shi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, ita ce ta riƙe ƙungiyar masu wannan rawa, har ta kai yau yara da yawa a makarantu ba su san wata rawar Hausa ba in ba ita ba.

Kasancewar Koroso ƙirƙirarriya ba aibi ba ne, domin kowace al'ada akwai ranar da aka fara ta. Inda gizo ke saƙar shi ne ta raba jama'a kashi biyu, ƙwararru kaɗan a tsakar fili da 'yan kallo masu yawa a kan kujeru, alhali raye-rayen da ta tsotsa daga gare su na kowa ne. Gaɗa ta 'yan mata ce a dandali da farin wata, suna tafi suna waƙa ba tare da makaɗi ba. Takai ta samari ce da ke zagayawa suna haɗa sanduna. Gangar noma kuwa tana tafe ne da gayya, wato aikin gona na taimakon juna, inda kiɗa ke ƙara wa majiya ƙarfi kuzari. Littafin Baba of Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau daga bakinta, ya nuna yadda rawar 'yan mata ta kasance cikin harkar kasuwa da biki ta yau da kullum. Rawar da aka ciro daga dandali aka kai gaban manyan baƙi takan ƙara kyau a ido, amma takan rasa masu gadonta.

Hausawan Simsim da tambayar abin da ya rage

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar hajji ta ƙasa, amma kwararar ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya jagoranci masu hijira zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 ya jawo ƙarin masu neman guzurin hajji, waɗanda da yawansu suka zauna har suka hayayyafa, abin da ya sa masani Bawa Yamba ya kira su mahajjata na dindindin a littafinsa na 1995. A Gadarif an fara noman damina da injina a tsakiyar shekarun 1940, sannan a 1968 Bankin Duniya ya ba da rancen da aka buɗe gonakin Simsim da shi, a ƙasar da ta yi suna wajen noman dawa da riɗi.

Wannan tarihin noma yana da alaƙa ta kai tsaye da batun rawa. A tsarin da gona ɗaya kan kai fadan 1,000 a ma'aunin gona na Sudan, tarakta ke yin huɗa da shuka, 'yan ƙwadago na lokaci kuma ke yin shema da yankan riɗi cikin gaggawa kafin kwanson ya fashe, babu gurbin da ya rage wa gayya, kuma inda babu gayya gangar noma ba ta da aikin yi. Ga kuma tasirin zama da maƙwabta, domin binciken Al-Amin Abu-Manga na 1999 ya nuna yadda Hausar Sudan ke rungumar Larabci, sutura ma ta bi sahu, jallabiya da rawanin Sudan ga maza, ga mata kuma tob mai kama da laffaya. Sannan akwai nauyin siyasa, tun da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi shaidar zama a Sudan tun ƙarshen 1897, wanda hakan ya sa bayyana asalin Afirka ta Yamma ya zama abin da mutum kan yi taka-tsantsan da shi. Rikicin jihar Bulu Nayil na 2022, da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 wanda ya koro ɗimbin jama'a zuwa Gadarif, sun ƙara nuna cewa abin da ke ajiye a ƙwaƙwalwar tsofaffi kaɗai yana iya salwanta cikin ɗan lokaci.

Za a iya cewa al'ummar da ke fama da yaƙi da tsadar rayuwa ba ta da lokacin rawa, za a kuma iya kawo hujjar addini, tun da malaman jihadin Sakkwato sun yi hani da cakuɗuwar maza da mata a wajen kiɗa, kuma zuriyar masu hijira ta gaji wannan tarbiyya. Hujja ta biyu tana da ƙarfi a kan kwaikwayon siffar rawar Ingila, amma ba ta taɓa darasinta ba, domin gaɗa ta mata ce zalla, takai kuma ta maza. Ta farko kuwa amsarta ita ce adanawa ba ta jiran zaman lafiya, gama tsohuwar da ta san waƙoƙin gaɗa ba za ta jira a gama yaƙi ba, kuma wayar hannu ɗaya ta isa a ɗauki muryarta da tafinta da bayanin wanda ya koya mata.

Kammalawa

Idan Hausawan Simsim da sauran garuruwan Gadarif suka shirya taron tuna baya, ko a Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta ko a bukukuwan kaka, abin da ya kamata su aro daga Ingila shi ne aikin Playford na adanawa da aikin mai kira na shigar da kowa sahu, su kuma kauce wa kuskuren zaɓen tufafin masu mulki kaɗai. Rigar saƙi mai aska takwas da alkyabba suna da matsayinsu, amma yawancin waɗanda suka tako daga Sakkwato da Kano da Katsina zuwa gabas manoma ne da almajirai da masu sana'a, waɗanda suturarsu ba ta wuce taguwa da zanen saƙi ba, kuma su ne suka yi tafiyar shekaru da ƙafa. Yaron da ya sa irin taguwar kakan kakansa, ya riƙe sanda ya shiga zagayen takai, aka kuma gaya masa gaskiyar wanda ya sa ta da dalilin barinsa gida, ya karɓi amanar da zai iya miƙa wa ɗansa, kuma da haka ne al'ada ke tsallake ƙarni.