Larry Doby: Na Biyun da Tarihi Ya Kusa Mantawa

A Amurka kusan kowane ɗan makaranta ya san Jackie Robinson, baƙin da ya fara buga babbar gasar besbol ta zamani a ranar 15 ga Afrilu, 1947. Amma in ka tambayi wa ya biyo bayansa, sai ka ji shiru. Ni ma ta hanyar tsofaffin katunan 'yan wasa da nake tarawa na san shi, wato Larry Doby.

Katunan nan ƙananan kwalaye ne, hoton ɗan wasa a gaba, alƙaluman wasansa a baya. A farkon ƙarni na 20 cikin kwalin sigari ake sa su, daga baya kamfanoni irin su Bowman da Topps suka riƙa haɗa su da cingam don yara. Yau sun zama dukiya. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. Masu tantancewa suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, suna duba kusurwoyi da gefuna da ko hoton ya zauna a tsakiya. A matsayina na injiniya wannan awon yana burge ni, sai dai kuɗin tallafin ɗalibi bai wuce katin da ya ɗan sha jiki ba.

An haifi Doby a 1923. Ya fara da Newark Eagles a gasar baƙaƙen fata, ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo suka ci kofi a 1946. Ranar 5 ga Yuli, 1947, makonni 11 kacal bayan Robinson, Bill Veeck ya shigar da shi ƙungiyar Cleveland. Robinson ya samu shekara guda ta shiri a Montreal. Shi kuwa Doby kai tsaye aka jefa shi. Wasu abokan wasansa sun ƙi ba shi hannu. A garuruwa da dama ba ya kwana a otal ɗaya da su. Kakar farko ba ta yi masa kyau ba ko kaɗan.

Da aka canja masa wurin tsayuwa a fili a 1948, sai ya farfaɗo. Cleveland ta ci World Series, kuma shi ne baƙin farko da ya buga ƙwallo ta tsallake katanga a wannan gasa. Hotonsa rungume da Steve Gromek, abokin wasansa farar fata, ya zagaya jaridu. A 1952 da 1954 ba wanda ya kai shi irin wannan bugu a American League. A 1978 ya zama baƙi na biyu da ya horar da babbar ƙungiya, na biyu dai kuma! Sai 1998 aka sa shi a zauren gwarazan wasan, ya rasu a 2003.

Abin da katunan ba sa nunawa shi ne shekarunsa na Newark, domin manyan kamfanonin ba su buga wa waccan gasa kati ba. Sai a Disamba 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasa ne.

'Yan uwa ɗalibai, ƙungiyarmu ma tana da irin su Doby: waɗanda suka zo bayan na farko, suka sha wahala iri ɗaya, ba wanda ya rubuta sunansu. Mu neme su tun suna raye, mu ɗauki labarinsu.