Tarihin manhajar haɗin gambiza, da darasi ga masu furojet

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe na TSU da ke neman abin da za su yi furojet a kai. Ina so mu ɗan waiwayi tarihi kafin kowa ya zaɓa.

A 2005 wani mai suna Paul Rademacher ya kwaso tallan gidajen haya daga shafin Craigslist ya ɗora su kan taswirar Google, ya sa wa abin suna HousingMaps. Bayanai na wani, taswira ta wani, shi dai ya haɗa. Irin wannan haɗin gambiza shi Turawa ke kira mashup. Nan da nan manyan kamfanoni suka ga kasuwa. A 2007 Yahoo ya fito da Pipes, Microsoft ya fito da Popfly, a 2008 IBM ya kawo Mashup Center don ma'aikatu da 'yan kasuwa. Ko ba ka iya rubuta manhaja ba, sai ka ja wannan ka jona da wancan.

To ina suke yau? An rufe Popfly a 2009, Pipes ya bi sahu a 2015. Duk wanda ya gina aikinsa a kansu, sai ya wayi gari ba shi da komai. A 2018 kuma Google ya tsaurara kuɗin amfani da taswirarsa, ya ce sai mai gina manhaja ya sa katin banki.

Amma ku dubi Ushahidi. 'Yan Kenya ne suka haɗa ta a farkon 2008 don nuna wuraren da rikicin zaɓe ya ɓarke, suka bar ta a buɗe kowa ya ɗauka. Da ita aka sa ido a zaɓen Najeriya na 2011, kuma har yau tana nan.

Ni abin da na fahimta, haɗawa ba wuya, mallakar bayanai ita ce aikin. Wa ke da jerin ɗakunan hayar ɗalibai na ATC da kuɗinsu? Wa ya rubuta inda ruwa ke ci a Mayo Gwoi da Nukkai in damina ta yi nisa? Ku fita ku tattaro da ƙafarku, ku adana a hannunku, sannan ku ɗora kan OpenStreetMap. In kamfani ya rufe ƙofa gobe, guminku bai tafi a banza ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Allah Ya ba mu sa'a.