Dokin Ƙarfen Talaka a Ƙasar Rima

Duk wanda ya tashi a Wurno ya san tarihin doki, domin nan ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma nan aka yi masa makwanci a 1837. Rabah kuwa ta haifi Sardauna Ahmadu Bello. To amma ni yau tarihin dokin talaka nake son mu waiwaya, wato keke, wanda ba a yi masa kirari a fada amma ya ciyar da gidaje da dama.

A zamanin En'e keke abin ma'aikata ne, irin su malaman makaranta da malaman haraji da na asibiti, har lasin ake yanka masa. Manomin fadama sai jaki da mangala. Abin ya sauya bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da ma'aikata suka koma babur suka karyar da kekunansu. A nan ne mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayi wani tsohon Raleigh hannun wani malami.

Kafin wannan keke, dillali ne ke iske shi bakin gona ya yi wa albasa da tafarnuwa kuɗin da ya ga dama, saboda ya san kayan ba su jira, kuma jaki ba ya kai kasuwa mai nisa ya dawo a wuni guda. Da keke ya samu, sai tsoho ya ɗaure buhu a kariya tun asuba ya nufi Achida, in ciniki bai yi ba ya tara wa kasuwar Goronyo. Gonar ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba, amma daga shekarar bai sake cin bashin hatsi da bazara ba. Keken nan ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai ni makaranta farkon zango da akwatin ƙarfe a baya. Kun dai tuna da mai hayar keke na bakin kasuwa, inda kuɗin karinmu ke ƙarewa, gwiwoyi duk tabo.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya bunƙasa, sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa sabon babur ya gagari talaka. Phoenix na ƙasar Sin da masu faci a gindin bishiya suka riƙe mu. Daga baya babura masu araha suka cika gari, kabu-kabu ta yi yawa, hawan keke ya zama abin kunya. Har dariya muka yi wa Ministan Sufuri Ojo Maduekwe a 2001 da ya ce a koma keke. A ganina mun yi gaggawar dariyar, domin da aka janye tallafin fetur a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, na ga mutane suna kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure.

A jihar Bihar ta Indiya, tun 2006 gwamnati ta riƙa bai wa 'yan mata kuɗin sayen keke, kuma bincike ya nuna shigarsu sakandare ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Keke ba zai magance rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato ba, wannan gaskiya ce. Amma akwai yaran ƙauyukan kusa da ke barin karatu don nisa kawai. Shawarata ita ce a taronmu mai zuwa kowane aji ya ɗauki nauyin keke biyu, a damƙa wa shugaban makaranta, ɗalibi ya ara ya mayar in ya gama. Ni na ɗauki na farko.