Daga Taraktar Ƙarya zuwa Leopard: Tarihin Tankokin Yaƙin Jamus

Ingila ce ta fara fito da tankar yaƙi a 1916. Jamusawa kuwa har Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare guda 20 kacal suka iya haɗawa, samfurin A7V. Da aka ci su da yaƙi, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta musu mallakar ko da ɗaya.

Sai suka koma yi a ɓoye. Sojoji na atisaye da motocin da aka lulluɓe da katako da tamfol, kamfanonin Krupp da Rheinmetall da Daimler-Benz na ƙera tankokin gwaji suna kiransu tarakta, ana kai su kusa da birnin Kazan na Tarayyar Sobiyet ana gwadawa daga 1929 zuwa 1933. A wannan ƙunci ne hafsoshi irin su Heinz Guderian suka tsaya kan abin da ya fi sulke amfani: a tara tankoki runduna guda, a sa rediyo a kowace, a raka su da dakarun ƙasa a cikin motoci. Da wannan tsari suka durƙusar da Faransa cikin makonni shida a 1940, alhali wasu tankokin Faransa sun fi nasu kaurin sulke.

A 1941, da suka kai wa Tarayyar Sobiyet hari, suka yi karo da tankarta T-34, hankalinsu ya tashi. Amsarsu ita ce Tiger a 1942, mai nauyin tan 57 da igwa mai faɗin milimita 88, sannan Panther a 1943. Sunan Tiger ya yi tashe har yau, amma a ganina an yi mata yabon da ya wuce aikinta. Ƙananan gadoji ba sa ɗaukarta. Kafin a ɗora ta a jirgin ƙasa sai an sauya mata sarƙar ƙafa da wata siririya. Idan ta lalace a fagen daga, janyo ta wani yaƙi ne na daban, sau da yawa ma'aikatanta ke tarwatsa ta da hannunsu su tafi. Kimanin 1,350 aka ƙera, yayin da Amurka ta fitar da Sherman kusan 50,000. Kuma a masana'antar Henschel ta birnin Kassel, inda ake haɗa ta, dubban mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye ne ke aikin tilas. Wannan bai kamata mai sha'awar ƙarfe ya manta da shi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Jamus ta Yamma ta sake kafa soja a 1955, da tankokin Amurka ta fara. Leopard 1 ta 1965 ta nuna an ji jiki: tan 40 ce, sulkenta ba kauri, an fifita gudu da sauƙin gyara. Leopard 2 ta 1979 ta dawo da sulke mai nauyi da igwa mai milimita 120, amma an yi injinta yadda makanikai za su cire shi ɗungurungum su sa wani cikin ɗan lokaci. Ƙasashen Turai da dama sun saye ta.

A Janairun 2023, bayan dogon jan ƙafa, gwamnatin Jamus ƙarƙashin Olaf Scholz ta amince a aika Leopard 2 zuwa Yukren don yaƙinta da Rasha, ƙasar da tankokin Hitila suka tattake a 1941. Guda 18 Jamus ta fara bayarwa daga nata rumbun.