Iri da Gona: Tarihin Ɓeran da Ake Nazarin Sankarar Hanta da Shi

A shekarar 1889 wani likitan fiɗa na birnin Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan gawawwakin mata 735 waɗanda sankarar mama ta yi ajalinsu, da ya ga cutar tana zaɓen gaɓoɓin da take sauka, sai ya yi mata ƙiyasi da irin da iska ke watsawa ko'ina, amma ba ya tsira sai a gonar da ta karɓe shi. James Ewing na Amurka ya saɓa masa a 1928, yana mai cewa magudanar jini ce ke kai cutar inda ta kai ta, saɓanin kuwa ya daɗe, domin ba ya halatta a jarraba wannan mas'ala a jikin ɗan Adam.

Ana nan, a 1962, aka tsinci wani ɓera marar gashi a wani asibitin Gilasgo, wanda daga baya aka tabbatar garkuwar jikinsa tana da naƙasa, har a 1969 Rygaard da Povlsen na Danmak suka dasa wa wani ɓera irinsa sankarar hanjin mutum, ta kama, ta girma.

Ita sankarar hanta bahasin yaɗuwarta zuwa ƙashi ya makara, saboda a da takan kashe majinyaci tun kafin ta isa ƙashi. Masanan birnin Shanghai, ƙarƙashin Tang Zhaoyou, sun dasa ta a hantar ɓera a shekarun 1990, ta kuwa yaɗu, sai dai galibi huhu ta nufa. Ala tilas, don a kai ta ƙashi, aka ari dabarar da Arguello da abokansa suka bayyana a 1988: a sumar da ɓera, a soka siririyar allura tsakanin haƙarƙarinsa, idan jan jini mai haske ya ɓullo cikin sirinji an san an shiga ɗakin hagu na zuciya, sai a tura ƙwayoyin cutar su bi jini zuwa ɓargo. Wasu ma kai tsaye suke zuba su cikin ƙashin ƙwauri.

A ra'ayina shaidar wannan ɓera ba ta cika sharaɗi ba, domin an tsallake masa rabin tafiyar, hantarsa kuma lafiya lau take, alhali majinyacin da muka sani a ƙasashenmu hantarsa ta shekara da shekaru tana fama da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ko dafin funfunar gyaɗa, kafin sankarar ta isa ƙashi, ciwon baya ya kwantar da shi.